Ina Maƙeran Suke a Littattafanmu?

Na wannan makon zai yi wa wasu zafi, a yi haƙuri.

Marubuci ya tashi a Kudan ko Ikara, ƙarar masaɓa ce ke tashinsa da safe, amma da ya ɗauki alƙalami sai jarumin ya zama ɗan minista a Maitama, jaruma kuma tana karatun likita a Dubai. Maƙerin da ke bakin layinsu, in ya ci sa'a ya fito a labarin, to uban yarinya ne matalauci mai tari, a shafi na uku a kashe shi.

Uzurin da ake bayarwa shi ne wai ba labari a maƙera. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a cikinta ba. Tun kafin Turawa mutanen ƙasar Zazzau suna haƙo tama suna narka ta, an kuma tono ragowar wuraren narkon a wajen Samaru. Ƙarfen waje ya kashe wannan sana'ar, maƙeri ya koma ƙira da sifirin mota da tsofaffin ƙarafa. Yau su ma sun yi tsada, don 'yan jari-bola suna kwashewa su kai kamfanoni. Gawayin ƙirya, wanda ya fi riƙe wuta, yana ƙara wuya saboda itacen na ƙarewa. Ga maganin feshi ya rage wa fartanya kasuwa. Ɗan da ake sa ran ya gaji uwar maƙera da zugazugi ya ce shi walda zai koya, ko ya ja acaɓa a Zariya. Uba na ganin gado na mutuwa a hannunsa, ɗa na ganin yunwa. Dukkansu suna da gaskiya, kuma irin wannan rikicin ne muke ta ƙagowa da ƙarfin tsiya tsakanin kishiyoyi.

Ga Makarfi da rakenta. Wa ke ƙera addar sara? Wa ke gyaran injin matse rake idan ya tsaya ana tsakar dahuwar mazarƙwaila, ruwan rake na neman lalacewa? Kwana ɗaya a wannan wurin ya isa babi guda.

Wasu za su ce masu karatu ba sa son labarin wahala. Émile Zola sai da ya sauka ramin kwal a yankin Anzin na Faransa a 1884 kafin ya fitar da Germinal a 1885, kuma har yau ana karanta shi. Akwai soyayya a ciki, ba wanda ya hana ku. Nan gida ma, ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley ta Inugu, ga Ajaokuta da aka kafe shekara da shekaru ana jira. Mu kuwa ko bambancin maƙerin baƙi da na fari da yawanmu ba mu sani ba, balle mu san dundufa ce kiɗan maƙera.

Gaskiyar magana, zuwa maƙera na buƙatar gaisuwa da zama cikin hayaƙi da yin tambaya kamar jahili, shi ya sa muke gudu. Kwafar rayuwar fim ɗin Indiya daga kan katifa ya fi sauƙi.

Duk wanda ke kusa, ya je ranar kasuwar Makarfi ya nemi layin maƙera, ya tambayi nawa ake sayen ƙarfe, nawa ake sayar da garma, me ke saura. Ya rubuto shafi ɗaya ya ajiye a ƙarƙashin nan kafin Juma'a, za mu karanta tare.