Ra'ayinmu: A Kafa Raga a Gaya da Ajingi

Hutun ƙarshen zango ya ƙarato, kuma nan da 'yan kwanaki da yawa daga cikinmu za su bi hanyar Wudil su nufi gida, waɗansu Gaya, waɗansu Ajingi, waɗansu kuma ƙauyukan da ke kewaye da su. Tambayar da ya kamata kowane ɗalibi ya yi wa kansa ita ce, ban da jakar littattafai da dogon Turanci, wace tsaraba zai kai wa ƙannensa? Mu dai a namu ra'ayin, ya kai musu raga da ƙwallo, tare da sanin yadda ake wasa da su bisa ƙa'ida.

Dalilinmu a fili yake. Da zarar an kau da amfanin gona, samarin karkara sukan sami kansu da lokaci mai yawa da aiki kaɗan, kuma kowa ya san abin da zaman banza ke haifarwa. Ƙwallon ƙafa yana ɗaukar mutum 22 a filin da tsawonsa ya kai mita 100, sauran jama'a kuwa sai kallo. Filin ƙwallon raga mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, watau abin da harabar kowace makarantar firamare za ta iya bayarwa ba tare da an taɓa gonar kowa ba. Kayan aikinsa turaku biyu ne, da raga, da ƙwallo ɗaya. Garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran farko suka tashi suka zauna a gindin Dala, lalle ba zai rasa wanda zai ƙera masa turaku biyu ba.

Wanda ya ƙago wasan ma sauƙi ya nufa. William G. Morgan, malamin motsa jiki a garin Holyoke na Amurka, ya shirya shi a 1895 domin mutanen da ƙwallon kwando ya yi wa tsanani. An kafa hukumarsa ta duniya a birnin Faris a 1947, sa'an nan ya shiga wasannin Olamfik a Tokyo a 1964.

Amma kafa raga daban, iya wasa daban, kuma a nan ne maganarmu take. Abin da mukan gani a filayenmu shi ne, kowane sabon shiga burinsa ya yi tsalle ya nausa ƙwallo ƙasa a yi masa tafi. Alhali kuwa wannan bugu shi ne na uku. Doka ta ba kowane ɓangare taɓawa uku kacal kafin ƙwallo ta haye raga: ta farko tarba, ta biyu ɗagawa, ta uku bugu. In ta farko ta lalace, sauran biyun ba su da ranar zuwa. Saboda haka wanda zai koyar ya fara daga tushe.

Tushen farko shi ne tarba. Mai tarba ya buɗe ƙafafu, ya ɗan durƙusa, ya haɗa hannuwansa biyu manyan yatsu na jere da juna, ya miƙe gwiwar hannu sosai, ƙwallo ta sauka a kan sangalin hannu, sama kaɗan da wuyan hannu. Ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa sa'ad da mutum ya miƙe. Wanda ya wurga hannuwansa sama kamar mai sheƙe hatsi, ƙwallo za ta tafi inda ta ga dama. Ƙafa ce ke zuwa wurin ƙwallo tukuna, hannu ya biyo baya.

Na biyu ɗagawa. A buɗe yatsu goma a saman goshi daidai da girman ƙwallo, a tura ta sama da taɓawa guda mai tsabta, domin riƙe ta ko jefa ta laifi ne. Na uku bugun farawa, wanda ake yi daga bayan layin ƙarshe. Mai koyo ya fara da na ƙasa, ya riƙe ƙwallo daidai ƙugu ya buge ta da gindin tafin hannu, kada ya koma na sama sai ya iya tsallakar da goma a jere. Tun da aka sauya tsarin lissafi a ƙarshen shekarun 1990, kowane kuskure maki ne ga abokin karawa, kuma a maki 25 ake cin zagaye. Wanda ya tura bugun farawa cikin raga ya yi kyauta ke nan.

Waɗannan uku ba su bukatar fili ma. Bangon aji ya isa: a zana layi da gawayi, yaro ya yi ta tarba yana mayarwa sama da layin, yau ashirin, gobe hamsin. Mutum biyu su fuskanci juna su ƙirga sau nawa za su yi ƙwallo ba ta faɗi ba. Tsayin raga na manya mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata, amma ga yara a sauke ta, a yi uku da uku a rabin fili, don kowa ya taɓa ƙwallo sau da yawa. A koya musu buɗe baki su ce "tawa!", gama ƙwallon da ta faɗi tsakanin mutum biyu masu kallon juna ta fi kowace ban takaici. A kuma hana su tsallaka layin tsakiya, domin dira a kan ƙafar wani shi ne babban sanadin targaɗe a wannan wasa.

Mai shakkar amfanin tushe ya dubi matan Japan da suka ci lambar zinariya a 1964. Mafi yawansu ma'aikatan wata masaƙa ce, kuma sun doke 'yan wasan Tarayyar Sobiyat ne da ƙwarewa wajen tarba, wadda suka samu ta maimaitawa dare da rana. Haka kuma dokar juyawa, wadda ke sa kowane ɗan wasa cikin shida ya canja wuri duk sa'ad da bugun farawa ya dawo hannunsu, tana koya wa yaro cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ya kawo mu ga 'yan'uwanmu mata. Muna sane da damuwar iyaye, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai a wannan wasa raga ce ke tsakanin ɓangarorin biyu, babu gogayyar jiki, ana iya yinsa a cikin katangar makaranta ƙarƙashin kulawar malama, da sutura cikakkiya. Doaa Elghobashy ta ƙasar Masar ta buga na kan yashi a Olamfik ta 2016 da lulluɓinta. Ɗalibai mata da ke cikinmu su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan nauyi.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi su haɗa kuɗin raga da ƙwallo kafin a tashi hutu, su nemi izinin shugabannin makarantu da dagatai, su ware makonni biyu na farko ga tarba da ɗagawa kaɗai. Matasan ma'aikata da ke sassan ilmi na ƙananan hukumomin biyu su taimaka da fili da gasa tsakanin makarantu a ƙarshen hutu. Tun 1973 ake yin Bikin Wasanni na Ƙasa, kuma babu dokar da ta ce sai ɗan birni ne zai wakilci Jihar Kano. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kai mu gida lafiya.