Tausayin da Ke Gurgunta Yaro

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wata cuta da muke yi wa yara da hannunmu, muna kiran ta tausayi. A wata firamare da ke nan yankinmu na Nassarawa, wata yarinya 'yar shekara tara ta daina zuwa aji a zangon da ya wuce, alhali tana cikin na gaba-gaba a lissafi. Fitsari ne ya kufce mata a kan benci, yara suka yi dariya, aka kira mahaifiyarta aka ce ta riƙe ta a gida har ta samu sauƙi. Babu wanda ya tambayi wane sauƙi ake jira.

Larurarta ita ce wadda likitoci ke kira sifaina bifida, wato tsagar ƙashin baya. Tana samuwa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, idan gadon bayan ɗan tayi bai rufe duka ba. Jijiyoyin da ke ƙasa da tsagar sukan yi rauni, sai ƙafafu su gaza, fata ta daina jin zafi, mafitsara da hanji su ƙi bin umarni. Da yawa daga cikin yaran ruwa kan taru musu a kai, a sa musu siririyar roba mai janye shi. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba. Shan folik asid tun kafin ɗaukar ciki yana rage aukuwarta ƙwarai. Wanda aka riga aka haifa da ita kuwa, zai rayu da ita, kuma abin da zai raba shi da zaman jiran mutane shi ne ya iya kula da jikinsa.

Wannan ilimi ne da ake koyarwa kamar karatu. Tun 1972 wani likita a Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa mutum zai iya zare fitsarinsa da kansa ta hanyar sa tsabtatacciyar roba, ya cire ta nan take. Ana yi duk bayan awa uku ko huɗu, kuma yana kare ƙoda daga lalacewa. Yara da yawa suna iya koyon sa tun suna shekara shida ko bakwai, idan ma'aikatan lafiya suka nuna musu. Haka suke koyon duba ƙafafunsu da mazaunansu da madubi don kada gyambo ya kama su ba su ji ba, da ɗaga jiki daga kujera lokaci-lokaci, da sauka daga keke su hau benci.

Mu kuwa me muke yi? A gida uwa ce za ta goya, yaya ta yi wanka, kaka ta hana shi taɓa ko buta. A makaranta mu cire shi daga shara da wasa da tambaya a gaban allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mu mun bari sai yaro ya kai shekara ashirin, ƙarfin uwa ya ƙare, sannan mu yi mamakin ganin sa a bakin danja yana miƙa hannu.

Mun san amsar da wasunmu za su bayar. Za su ce malami ba nas ba ne, kuma mai fama da aji maƙil da yara da albashin da ba ya kai ƙarshen wata ba shi da sauran ƙarfi. Gaskiya ne, kuma wannan ƙungiya ba ta taɓa yin shiru a kan haka ba. Sai dai babu wanda ya ce mu taɓa roba ko mu yi aikin asibiti. Tiyata da gyaran ƙafa suna da masu su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Namu shi ne izinin fita minti goma ba tare da tuhuma ba, da tsawata wa masu dariya, da sanin cewa ciwon kai mai tsanani da amai da yawan barci ga yaro mai roba a kai alama ce ta a garzaya da shi asibiti.

Wasu kuma za su ce a kai su makaranta ta musamman. Yarinyar nan tana gani, tana ji, tana fahimta. Manhajarmu ta ishe ta. Abin da ta rasa shi ne makewayi mai ƙofa da ruwa, wanda keke zai iya shiga. A nan ne muke juya magana ga hukuma. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a 2024, shekarar da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. To, a zagaya makarantunmu, na gwamnati da masu zaman kansu da suka cika unguwar nan, a ƙirga makewayi nawa ne yaro mai keke zai shiga ya rufe ƙofa da kansa.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha da masu makarantu da su sa irin wannan makewayi, da hawa mai gangara a maimakon matakala, cikin kowane aikin gyaran ajujuwa. Muna kira ga shugabannin makarantu da kada su sake mayar da yaro gida saboda fitsari. Ga iyaye kuma, ku nemi a koya wa yaronku a asibiti, ku bar shi ya gwada, ya ɓata, ya sake.

Ranar 25 ga Oktoba ce ranar wannan larura a duniya. Kafin ta zagayo, kowane wakilin reshe ya duba rajistar makarantarsa, ya gano yaran da suka ɓace daga aji saboda haka, ya kawo mana rahoto a taro na gaba. Bencin yarinyar nan yana nan babu kowa a kai. Allah Ya ba mu ikon dawo da ita.