Kallon ƙwallo: a bar kaya a masauki

Zancenmu na wannan mako na 'yan kasuwa ne da ma'aikata, waɗanda kan taso daga Dungu ko Matamaye, su bi ta Damagaram, su ci kilomita wajen 900 har Yamai, sannan su nufi filin ƙwallo na Seyni Kunce da jaka a kafaɗa.

A bakin ƙofa jami'an tsaro kan binciki kowa. Wuƙa da kwalba ba su shiga. Kada a ɗauka wulaƙanci ne: ranar 13 ga Nuwamba 2015, a Faransa, bincike ne ya hana ɗan ƙunar baƙin wake shiga filin Stade de France.

Sai dai kowace ƙatuwar jaka tana tsai da layi, cunkoso kuwa kisa yake yi. Mutum 8 suka rasu a turmutsutsun ƙofar filin Olembe na Kamaru ranar 24 ga Janairu 2022.

Don haka a danƙa kaya da kuɗin sari hannun mai masauki. A ɗauki tikiti, katin ɗan ƙasa da kuɗin mota, a kuma je da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.