Zoɓon da Ba Shi da Suna

A yankin Bargandi na ƙasar Faransa akwai gidajen da suka gaji noman inabi kaka da kakanni a kan gangare guda. Da hunturu maigida da 'ya'yansa suna datse rassa, a watan Satumba dangi da 'yan ƙwadago su taru a yi tsinka, a cikin gidan ake matsewa, a cikinsa ake ajiya, wani daga cikin iyalin yana riƙe da littafin lissafi yana karɓar masu saye a bakin ƙofa. Abin da suke yi giya ce, kuma hukuncinta a wurinmu ba ya buƙatar dogon bayani: haram ce. Amma wanda ƙyamar abin da ke cikin kwalbar ta hana shi duban tsarin gidan, ya yi asarar darasi mai tsada. Gidan da ya noma shi ya sarrafa, shi ya sa sunansa da na ƙauyensa, saboda haka yana da ta cewa a kan farashi.

Mu ma muna da jan abin sha na gida, halattacce, wanda duniya ke nema. A gonakin Kurfi da Dutsin-Ma, kamar sauran ƙasar Katsina, ana shuka yakuwa a kan iyakar gona ko a tsakankanin gero da dawa. Ganyenta na miya ne da fate, 'ya'yanta, wato gurguzu, su ake yin daddawar batso da su, jan ɓawon da ya lulluɓe ƙwallon kuwa shi ne zoɓo. Idan an kawar da hatsi, sanyi ya fara shigowa, mata da yara ke zama su ɓare shi ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi na cin hannu, sannan a shanya. Daga nan sai kasuwa. A auna da tiya, a juye a buhun dillali, a gauraya na mai tsabta da na mai ƙasa, na bana da na bara. Buhun ya bi ta Dawanau, ya sauka Legas, ya hau jirgin ruwa zuwa Meziko, inda ake kiran sa jamaika. Ko sunan da ake shan sa da shi na wata ƙasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rashin suna yana da farashi. A 2018 Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwarin ajiya da aka tarar a cikin kayan, aka ɗauki shekaru kafin a sake buɗe ƙofar. Matar da ta shanya nata a kan tabarma mai tsabta ta sha hukunci ɗaya da wanda ya bar nasa ya ruɓe a sito, domin babu hanyar da za a bi a rarrabe buhun wannan da na wancan. Inda ba a san mai kaya ba, kyautata aiki ba ya ƙara wa kowa kwabo, kuma inda ba ya ƙara kwabo, sannu a hankali ake barin sa.

Laifin wa ke nan? An saba ɗora wa gwamnati, kuma tana da kasonta. Sai dai babban kaso namu ne, mu da aka sayar da hatsi da dabbobi aka kai makaranta. A bikin 'ya'yanmu muna jera kwalaben ruwan inabi marar barasa da aka shigo da su daga Turai, muna biyan manomin da ba mu taɓa gani ba. Zoɓon maƙwabciya kuwa yana tasha, a cikin tsohuwar robar ruwa, a kan tiren yarinyar da ya kamata a ce tana aji. Idan aka tambaye mu sai mu ce ba shi da tsabta, kuma yana saurin yin tsami. Gaskiya ne. To amma wa ya karanci ilmin sinadarai? Wa ya san ƙofar NAFDAC? Wa ya iya rubuta lissafin riba da faɗuwa? Ba ita ba ce.

Matsalar tsamin ma an daɗe da warware ta. A shekarun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa dumama abin sha zuwa wani mizani yana kashe ƙananan halittun da ke ɓata shi. A 1869 Thomas Welch, wani likitan haƙori a Amurka mai ƙyamar barasa, ya yi amfani da wannan dabara ya hana ruwan inabi rikiɗa ya zama giya, kuma har yau ana sayar da abin sha da sunan gidansa. Ruwa mai tsabta, kwalba sabuwa, ma'aunin zafi da murfi mai kyau: wannan bai fi ƙarfin gida guda mai ma'aikata biyu ko uku ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona a tsakiyar manoman nan. Idan binciken ɗalibanta ya ƙare a kan kanta, bai isa madafin matar da ke dafa zoɓo da citta da kanumfari ba, ina amfanin maƙwabtakar?

Za a ce gonakinmu ƙanana ne, rabon gado ya daddatsa su. Haka na Bargandi. Dokar gado ta zamanin Napoleon ta raba gonaki tsakanin magada, har wata gonar inabi mai suna Clos de Vougeot, mai faɗin kimanin hekta 50, ta koma hannun mutum kusan 80. Ba su rasa darajarta ba, domin sun tsare sunan wurin, kuma tun 1935 Faransa ta kafa tsarin da ya hana wani sata sunan yankin da ba a can ya noma ba. Ba sai mun je nesa ba ma. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajistar suna. Gandu, inda uba da 'ya'ya ke aiki tare su ci daga rumbu ɗaya, shi ne irin wannan tsari a gargajiyarmu. Magada na iya raba haƙƙi kamar yadda shari'a ta tanada, su bar aikin a haɗe. Abin da muke yi a maimakon haka shi ne yanka gonar gado filoti-filoti da zarar gari ya matso.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba ta wasa ba ce. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomin da aka katse wa layukan waya a 2021 saboda ɓarayin daji, kuma akwai gonakin da masu su suka daina zuwa. Amma wannan dalili ne na gaggawa. Manomin da aka taƙaita shi ga ƙadada biyu a bakin gari ba zai iya ƙara yawan buhuna ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙara darajar kowane buhu, kuma wannan aiki ne na cikin gida. Masu jiran babban aikin gwamnati su tuna da madatsar ruwa ta Zobe: an kammala ta a 1983, ruwanta ya yi shekaru da dama yana kwance, manoma na kallo.

Saboda haka ga abin da ke kanmu. Kowane ɗan boko da ke da gida a Kurfi ko Dutsin-Ma ya san wata inna ko gwaggo da zoɓonta ya yi suna a unguwa. Ya saya mata kwalabe da ma'auni, ya bi mata takardun rajista, ya rubuta sunanta da na garinta a jikin kwalbar, ribar kuma ta zama tata, yarinyar ta koma aji. Idan biki ya tashi, shi za a ɗora a kan tebur, a biya kuɗinsa cif ba tare da neman ragi ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.