Yaron da Ya Zo Ƙarshe a Jerin Masu Kiɗa

Duk ƙarshen shekarar karatu, makarantun kuɗi da dama a Abuja da Kaduna da Kano sukan tara iyaye a ɗakin taro domin yara su nuna abin da suka koya na kiɗa da waƙa. Wanda ya taɓa halartar irin wannan zama ya san yadda yake gudana. Da farko ɗaki cike yake, kujeru ba sa isa. Yarinya ta hau dandamali ta buga fiyano, mahaifinta ya miƙe da waya yana ɗaukar bidiyo, ya tare wa na bayansa. Tana saukowa sai ya kama hannunta su fice, tunda abin da ya kawo shi ya ƙare. Haka ɗakin zai yi ta raguwa, har yaro na ƙarshe ya fito ya tarar da wuri wayam, daga mahaifiyarsa da malamansa sai masu jiran a tashi su kwashe kujeru.

Idan ana batun ladabin irin wannan taro, hankali yakan tafi kan yara: yadda za su shigo, yadda za su gaida jama'a, abin da za su yi idan sun kuskure. Duk wannan yana da amfani. Amma yaro ya shafe watanni ana koya masa nasa ladabin, babba kuwa ya shigo ɗakin ba tare da kowa ya faɗa masa nasa ba. Saboda haka mafi yawan abin da ke ɓata taron daga ɓangaren manya yake fitowa.

Ya kamata a fara da sanin cewa shirun da ake buƙata a zauren kiɗan Turawa ba tsohuwar doka ba ce. A 1778 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Paris yana murnar cewa jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar buga wani kiɗa nasa. A cikin ƙarni na 19 ne al'adar ta sauya sannu a hankali. Lokacin da Gustav Mahler ya karɓi jagorancin gidan wasan waƙa na fadar Vienna a 1897, ya hana masu zuwa a makare shiga sai an kai wurin hutu. Ke nan mutane ne suka zauna suka tsara wa kansu abin da ya dace da irin kiɗan da suke saurare.

Bahaushe ma yana da nasa tsarin, kuma ba ya ƙasa da na kowa. A gaban Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, guɗa da liƙi da kiran sunan mawaƙi su ne girmamawa. Mai sauraro da ya naɗe hannu ya yi tsit a irin wannan fage, shi za a ce bai san darajar makaɗi ba. Sai dai makaɗin da ya gawurta yana ƙaruwa ne da hayaniyar jama'a, ya tsaya ya amsa, ya koma inda ya tsaya ba tare da ya ɓata ba. Yarinya 'yar shekara bakwai da ta haddace kiɗan minti biyu tana riƙe da shi ne kamar ƙwarya cike da ruwa. Ƙarar waya ɗaya, ko goggo da ta hau dandamali da kuɗin liƙi, ta isa ta kifar da shi. Ƙa'idar guda ce a fagagen biyu, wato a ba mai yi abin da zai taimake shi. Wanda ya ƙware yana son amo, mai koyo yana son natsuwa.

Babu wanda ya ɗauki wannan batu da muhimmanci kamar malamin gogen Turawa ɗan ƙasar Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya soma koyar da ƙananan yara a garin Matsumoto bisa hujjar cewa duk yaron da ya iya harshen uwarsa ta hanyar ji da maimaitawa zai iya koyon kiɗa ta wannan hanya. A tsarinsa uwa ko uba yana zama a wurin darasi, kuma malami da ɗalibi suna buɗe darasi su rufe shi da gaisuwar girmamawa. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake jera wasan taron ɗalibai. Akan fara da kiɗa mafi wuya, wanda manyan ɗalibai kaɗai suka iya, sannan a riƙa saukowa zuwa masu sauƙi, ƙanana suna ta shigowa, har a rufe da kiɗan farko da kowane mai koyo yake somawa da shi, kowa da kowa yana kan dandamali. Dandamali yana ƙara cika yayin da taro yake kusantar ƙarshe, kuma babu uban da yake da dalilin tashi da wuri.

Makarantu za su iya aron wannan dabara ba tare da kashe ko kwabo ba. A rufe taro da waƙar da dukan yara za su yi tare. A taƙaita shi kada ya wuce abin da ƙaramin yaro zai iya zama, a rage jawaban manyan baƙi da ke cinye rabin lokaci. Makaranta ta sa mutum ɗaya ya ɗauki bidiyo ta raba wa iyaye, domin wayoyi su koma aljihu. Mai gabatarwa ya faɗa tun farko cewa shiga da fita sai tsakanin wasa da wasa.

Nasu ladabin yaran kaɗan ne, kuma zai bi su har girma. Su tsaya su fuskanci jama'a kafin su fara. Idan sun kuskure su ci gaba, kada su koma farko, domin yawancin masu sauraro ba su ma lura ba. Idan an tafa musu su tsaya su karɓa. Gidan da ba ya son sunkuyawa irin ta Japanawa ko Turawa yana da mafita, domin ɗora hannu a ƙirji da ɗan murmushi ya wadatar. Bayan sun sauko kuma su zauna su saurari 'yan uwansu.

Wani zai ce iyaye suna da uzuri, ga aiki, ga cunkoson hanya, ga jariri yana kuka. Gaskiya ne, kuma mai uzuri na ainihi ya zauna kusa da ƙofa ya fita a tsakanin wasanni babu laifi. Amma uban da ya saba tashi da zarar 'yarsa ta sauko yana koya mata darasi ba da baki ba, cewa ƙoƙarin wasu bai cancanci minti goma na lokacinta ba. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Yaron da aka sa a ƙarshen jeri ya yi atisaye kamar na farko, gabansa ya faɗi kamar na farko, kuma idan ya ɗaga kai daga fiyano, mutanen da suka rage a ɗakin zai ƙirga.