Amurka: Yadda Motoci Suka Zama Rumbun Makaman Ɓarayi

Rahoton da ƙungiyar Everytown ta fitar a 2024 ya nuna cewa duk minti tara ana sace aƙalla bindiga ɗaya daga cikin mota a Amurka, kuma birnin Memphis ne ke kan gaba. Masu sharhi na danganta hakan da dokar jihar Tennessee ta 2014, wadda ta halatta ajiye bindiga a mota ba tare da lasisi ba. A Kalifoniya kuwa, doka ta wajabta kulle ƙaramar bindiga a but ɗin mota ko cikin akwati mai makulli. Abin da ake taƙaddama a kai shi ne: wa zai ɗauki alhaki idan bindigar da aka bari sakaka ta halaka rai?