Sayen Man Ƙamshi Daga Nesa

'Yan'uwa daga Gwarzo da Kabo suna tambaya game da man ƙamshin da ake talla a Facebook. To, hanci ba ya shinshina hoto. A Risala, Ibn Abi Zaid ya halatta sayen kayan da ba sa gabanka bisa siffa. Amma irin wannan haja ba a sharɗanta biyan kuɗinta tun farko, sai in tana kusa. Saboda haka mai amana zai faɗi inda shagonsa yake, ya nuna lambar NAFDAC, ya yarda a mayar masa in an sami algus. Wanda ya ɓoye mazauninsa, ya ce sai kuɗi tukuna, a guje shi. Allah Ya ciyar da mu halal, amin.